A hana zaɓaɓɓun Amurka shiga kasuwar hasashe ɗungurungum, ko a jira sai an kama mutum da labarin ciki?

Malam_Habibu
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar 3 ga Janairun 2026 da sojojin Amurka suka ɗauke shugaban Benezuwela Nicolás Maduro daga ƙasarsa maganar nan ta ƙi kwanciya. Wani sabon asusu a Polymarket, dandalin kasuwar hasashe inda ake sa kuɗi a kan ko abu zai faru, ya zuba dala dubu 30 da 'yan kai a kan cewa Maduro zai bar mulki kafin watan ya ƙare, kaso mai yawa ana sauran sa'o'i a kai harin, ya tashi da ribar da ta haura dala dubu 400. Bayan 'yan kwanaki Ritchie Torres, ɗan majalisar wakilai daga New York, ya kawo ƙudirin da zai hana zaɓaɓɓu da masu muƙaman siyasa da ma'aikatan gwamnatin tarayya cinikin irin waɗannan kwantiragi idan suna riƙe da bayanin da jama'a ba su sani ba.

Ra'ayina shi ne duk dokar da aka rataye ta a kan tabbatar da abin da mutum ya sani a ransa ba za ta kama kowa ba. A ce kawai: muddin kana kan kujera, kasuwar hasashe ta haramta a gare ka, da kai da matarka da 'ya'yan da kake ciyarwa. Masu ilimin doka da na kasuwa, ku gyara mini in na kauce.

Sarkin_Lissafi
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa bari a fayyace yadda abin yake aiki, don da yawa suna ɗauka irin hannun jari ne.

Kowace kasuwa tambaya ce guda mai amsa biyu, e ko a'a, da ranar rufewa. Kwantiragi ɗaya yana biyan dala 1 idan amsarka ta fito daidai, idan ba ta fito ba sifili. Farashinsa yana yawo tsakanin santi 1 da santi 99, kuma shi ne ake karantawa a matsayin yiwuwar faruwar abin. Idan "e" tana santi 8, kasuwa na ganin yiwuwar kashi 8 cikin 100 ce. Wanda ya zuba dala 32,000 a wannan farashi ya sayi kwantiragi 400,000. Abin ya faru, an biya shi dala 400,000, riba 368,000 kafin a cire kuɗin dillanci. Kuɗinsa ya ninka sau 12 da rabi a kwana ɗaya.

A hannun jari, ko ka san labarin ciki, da wuya farashi ya motsa fiye da kashi 20 ko 30, kuma wani labarin daban yana iya tasowa ya cinye maka ribar. A nan babu wannan. Wanda ya san amsa ba shi da haɗarin komai sai na a kama shi.

Barista_Rakiya
Malam Habibu, gyara biyu.

Na farko, ƙudirin Torres bai tsaya a kan wanda yake riƙe da bayanin kawai ba. Ya haɗa da wanda aikinsa zai iya ba shi damar samun bayanin. Wannan ya rage wa mai gabatar da ƙara nauyi sosai, domin nuna cewa sanata yana cikin kwamitin da ake kai wa rahoton ya fi sauƙi a kan nuna cewa ya karanta rahoton.

Na biyu, kada a ɗauka babu doka a ƙasa. Sashe na 746 na dokar Dodd-Frank ta 2010 ya haramta wa ma'aikacin gwamnatin tarayya amfani da bayanin da ya samu ta wurin aikinsa don cinikin kwantiragin da ke ƙarƙashin CFTC, hukumar da ke kula da kasuwannin irin waɗannan kwantiragi a Amurka, haka wanda ya karɓi bayanin daga hannunsa yana sane. Dokar STOCK da Obama ya sa wa hannu ranar 4 ga Afrilun 2012 ta faɗaɗa wannan har kan 'yan majalisa da ma'aikatansu, ta kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗan majalisa yana da nauyin amana a kan bayanan da ya samu ta dalilin kujerarsa. Akwai kuma ƙa'ida ta 180.1 ta CFTC, wadda aka gina a kan tsarin ƙa'idar 10b-5 ta SEC, hukumar kula da hannun jari. Kwantiragin Kalshi, wani dandalin kasuwar hasashe na Amurka, a ƙarƙashin CFTC suke, don haka sanatan da ya fito daga taron sirri ya je ya saya ya riga ya taka doka tun yanzu.

Malam_Habibu
Na karɓi gyara na farko, Barista, na gode. Na biyun kuwa ai hujjata kika ƙarfafa. Dokar tana nan tun 2012, wane sanata ta kai kurkuku saboda abin da ya ji a majalisa?

Alhaji_Tanko_Abuja
Ga misalin da ya fi kowanne fito da matsalar. Richard Burr shi ne shugaban kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawa a farkon 2020, lokacin ana yi musu bayani a kan korona. Ranar 13 ga Fabrairun 2020 ya sayar da hannun jarin da darajarsa ta kama daga dala 628,000 zuwa miliyan 1.72, kusan mako guda kafin kasuwa ta fara rugujewa. FBI ta karɓi wayarsa a watan Mayu, ya sauka daga shugabancin kwamitin. A Janairun 2021 ma'aikatar shari'a ta rufe binciken ba tare da tuhuma ba. Kariyarsa ita ce ya dogara ne da rahotannin da kowa ke gani a talabijin. Ta yaya za ka ƙaryata wannan a gaban kotu, alhali labarin cutar yana ko'ina a kafafen yaɗa labarai?

Wanda aka ɗaure shi ne Chris Collins, ɗan majalisar wakilai daga New York. Ya amsa laifi a Oktoban 2019, aka yanke masa wata 26, Trump ya yi masa afuwa a Disamban 2020. Amma ku lura, labarin da ya ba ɗansa ba daga majalisa ya samo shi ba. Yana cikin daraktocin wani kamfanin magani na Ostareliya mai suna Innate Immunotherapeutics, aka aiko masa da saƙo cewa gwajin maganinsu ya faɗi, nan take ya kira ɗansa. Akwai saƙon, akwai lokacin kiran, akwai lokacin sayarwa. Shi ya sa shari'ar ta yi sauƙi.

Barista_Rakiya
Alhaji ya taɓo wurin da nake son zuwa. Abin da ya sa shari'ar Collins ta tafi, ta Burr ta tsaya, har da tsarin mulki. Sashe na 6 na babi na 1 ya ce ba za a tuhumi ɗan majalisa a wani wuri ba a kan magana ko muhawarar da ya yi a majalisa, kuma kotuna sun faɗaɗa wannan har aikin kwamiti. Mai gabatar da ƙara yana buƙatar ya nuna me aka faɗa a taron, wa ya halarta, wace takarda aka raba. Nan lauyan wanda ake tuhuma zai tare shi. In kuma bayanin na sirrin tsaro ne, ita kanta gwamnati ba ta son a buɗe shi a kotu.

Don haka ban ƙi haramcin kai tsaye ba. Abin da nake cewa shi ne a san me ake ƙarawa: ana sauya laifin daga "ka yi amfani da sirri" zuwa "ka riƙe kwantiragi". Na biyun takardar asusu kaɗai ta isa hujja.

Dr_Lawal_Tattali
Bari in kawo ɗaya ɓangaren, don kada muhawarar ta zama ta gefe guda. Robin Hanson na jami'ar George Mason ya daɗe yana cewa amfanin kasuwar hasashe shi ne ta jawo masu sani su zuba kuɗi, farashi ya faɗi gaskiya da wuri. In ka kori duk wanda ya sani, me ya rage in ba masu canka ba? Kuma idan farashin "za a rufe gwamnati" ya tashi daga santi 30 zuwa 80, ɗan kwangila da ma'aikaci sun samu gargaɗi kyauta.

Ni ban bi shi har ƙarshe ba, amma hujjar tana da nauyi a kan ma'aikacin kamfani ko mai binciken ra'ayin jama'a.

Sarkin_Lissafi
Dakta, hujjar tana rushewa da zarar an zo kan zaɓaɓɓe, saboda shi ba sani kaɗai yake yi ba, shi ne yake yanke amsar. Ɗauki rufe gwamnatin da aka yi daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, kwana 43. An buɗe kasuwanni a kan kwana nawa za a yi. A majalisar dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, saboda haka sanatoci 'yan ƙalilan ne suke riƙe da ranar buɗewa. Wanda ya sayi "zai wuce kwana 40" a santi 25, yana da dalilin kuɗi na ya jinkirta ƙuri'arsa kwana uku. A cikin kwana ukun nan akwai dubban ɗaruruwan ma'aikata da ba a biya su albashi ba.

Akwai ma waɗanda suka fi wannan sauƙin murɗawa, kasuwannin da ake cinikin ko wane zai furta wata kalma a jawabinsa. A Oktoban 2025 Brian Armstrong, shugaban kamfanin kirifto na Coinbase, ya jero wasu kalmomi a ƙarshen taron bayanin ribar kamfaninsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya ga ana cinikinsu ne. Kasuwar ta rufe a kan abin da ya ga dama. Ɗan majalisar da yake da makirufo yana da irin wannan ikon kullum.

Dr_Lawal_Tattali
Na yarda da wannan rabuwar. To a rubuta ta a dokar: mai sani daban, mai ikon yanke amsa daban, hukuncin na biyu ya fi tsanani.

Ustaz_Abu_Fawwaz
'Yan'uwa, ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Mutum biyu sun sa kuɗi a kan abin da bai faru ba, ɗaya ya kwashe na ɗaya, babu kaya babu aiki a tsakani. Wannan maisir ne da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana, ko an kira shi kwantiragi. Musulmin da ke karanta wannan muhawara kada ya ɗauka cewa in babu labarin ciki abin ya halatta.

Hajiya_Binta74
Allah ya saka da alheri Ustaz, tunatarwar ta dace. Su ma a can gardamar caca ce ko ba caca ba ita ce ta kai su kotu. CFTC ta hana Kalshi buɗe kasuwa a kan jam'iyyar da za ta riƙe majalisa, tana kafa hujja da sashen da ya ba ta ikon hana kwantiragin da ya shafi ta'addanci, kisan gilla, yaƙi, caca ko aikin da doka ta haramta. A Satumban 2024 mai shari'a Jia Cobb ta ce zaɓe bai faɗa cikin waɗannan ba, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da hukuncin a farkon Oktoba, a Mayun 2025 hukumar ta janye ƙararta. Jihohi irin su Nevada da New Jersey kuma suna ja da kamfanin a kan kwantiragin wasanni, suna cewa caca ce da ke ƙarƙashin dokarsu.

Dalilin da wannan ya shafi tambayar Malam Habibu: ma'anar da doka ta ba "kasuwar hasashe" ita ce za ta nuna inda haramcin ya tsaya. In an ce kwantiragin da CFTC ke kula da su kaɗai, ɗan majalisa sai ya koma shagon caca ko dandalin ƙetare.

Mahamane_Damagaram
Maganar Hajiya ta tuna mini da Birtaniya, inda ta shagon caca abin ya bi. Craig Williams, ɗan majalisa kuma mataimakin firaminista na lokacin Rishi Sunak na kusa, ya sa fam 100 cewa za a yi zaɓe a watan Yuli, kwana uku kafin Sunak ya sanar ranar 22 ga Mayun 2024. Ribar da zai samu fam 500 ce. Kamfanin cacar ne ya kai rahoto, saboda tsarinsu yana yi wa asusun 'yan siyasa alama. A Afrilun 2025 hukumar kula da caca ta tuhumi mutum 15 da laifin maguɗi a ƙarƙashin sashe na 42 na dokar caca ta 2005, wanda hukuncinsa bai wuce shekara 2 ba. A ɓangaren Labour kuma jam'iyyar ta dakatar da ɗan takararta Kevin Craig saboda ya sa kuɗi cewa shi kansa zai faɗi zaɓe.

Abu biyu za a ɗauka. An kama Williams ne don asusun yana ɗauke da sunansa na gaskiya. Sannan ƙanƙantar kuɗin ba ta hana komai ba, don haka masu cewa a sa iyakar kuɗi maimakon haramci su duba da kyau.

Injiniya_Sule
Nan ne aikin yake, wato gane mai asusu. Dandalin biyu ba ɗaya ba ne.

Kalshi ta samu lasisin CFTC a Nuwamban 2020. Kafin ka yi ciniki sai ka ba da suna, ranar haihuwa, adireshi da lambar shaidar ɗan ƙasa. A nan aiwatar da haramci ba wuya: majalisa ta miƙa jerin mutum 535 da iyalansu da manyan ma'aikatansu, kamfani ya gwada da rajistarsa a lokacin buɗe asusu, ya sake gwadawa duk lokacin da jerin ya sauya, wanda ya dace da jerin a rufe masa saye a bar masa sayarwa kawai har ya fita. Kamfanin ma ya riga ya sa irin wannan sharaɗi a kwantiraginsa na zaɓen majalisa, ya hana 'yan takara da 'yan majalisa da ma'aikatan kamfe da 'yan gidansu.

Polymarket ta ƙasa da ƙasa kuwa a kan Polygon take, wata sarƙar rajistar cinikin kirifto, da kuɗin kirifto mai bin darajar dala. A Janairun 2022 CFTC ta ci ta tarar dala miliyan 1.4, ta rufe wa mazauna Amurka ƙofa, amma rufewar ta adireshin intanet ce, VPN yana tsallake ta. Kowa yana ganin cinikin kowace jakar kirifto, lokacinsa da adadinsa, sai dai babu suna. Mai bincike yakan bi kuɗin baya har ya kai wurin da aka sayi kirifton da kuɗin banki, ya nemi sunan da sammacin kotu. Inda zaren yake tsinkewa: kuɗin ya bi ta na'urar gauraya kirifto, ko ta kasuwar da ba ta amsa sammacin Amurka, ko an saye shi hannu da hannu. A Yulin 2025 kamfanin ya sayi QCEX, wata kasuwa mai lasisin CFTC, a kan dala miliyan 112 don ya dawo Amurka da lasisi, kuma wannan ɓangaren yana neman shaida. Ɗayan yana nan yadda yake.

Hajiya_Binta74
Injiniya, alamomin da ake kama irin wannan asusu da su fa?

Injiniya_Sule
Sabon asusu ne da bai wuce kwanaki ba, kasuwa ɗaya ko biyu kaɗai ya taɓa, ya sayi abin da farashinsa ke ƙasa da santi 15 da kuɗi mai yawa, bai damu da cewa sayensa yana ɗaga farashi ba, kuma ya kwashe kuɗinsa da zarar an biya. An ga irin wannan tsallen farashi a Oktoban 2025 a kan María Corina Machado, jagorar adawar Benezuwela, sa'o'i kafin a sanar da cewa ita ta ci kyautar zaman lafiya ta Nobel, har cibiyar Nobel ta Nowe ta buɗe bincike. Amma alama ba hujja ba ce. Wanda ya yi nazarin zirga-zirgar jiragen yaƙi daga bayanan da ke fili shi ma haka cinikinsa zai yi kama.

MamanIkram
Ni damuwata iyali. Sanata mai hankali ba zai buɗe asusu da sunansa ba. Zai faɗa wa surukinsa a wurin cin abinci. Haramcin Malam Habibu ya tsaya a kan mata da 'ya'yan da ake ciyarwa, to ƙane fa, ko ɗan da ya kai shekara 30, ko mai ba shi kuɗin kamfe?

Barista_Rakiya
Maman Ikram, ba za a iya haramta wa baligi ciniki don kawai ɗan'uwansa ya ci zaɓe ba, kotu za ta yi wuya ta amince. Waɗannan sai dai a bi su da dokar mai ba da labari da mai karɓa. A shari'ar Salman ta 2016 kotun ƙoli ta ce wanda ya ba ɗan'uwansa labarin ciki kyauta ya ci moriya ko da bai karɓi ko sisi ba, don haka laifin ya tabbata a kan su biyun. Ke nan dole a riƙe duka biyu: haramci kai tsaye ga na cikin gida, tsohuwar dokar sirri ga na waje. Malam Habibu, a nan ne ban yarda a ce tsohuwar ba ta da amfani ba.

Alhaji_Tanko_Abuja
A kan masu cewa bayyanawa ta wadatar, ga yadda take a dokar STOCK. Cinikin da ya wuce dala 1,000 ana bayyana shi cikin kwana 30 da sanin mutum, kada ya wuce kwana 45 daga ranar cinikin. Ba a rubuta ainihin adadi, sai rukuni, misali daga 1,001 zuwa 15,000, daga 15,001 zuwa 50,000. Wanda ya makara tararsa dala 200, ga mutumin da albashinsa yake dala 174,000 a shekara, kuma kwamitin ɗa'a yana iya yafewa.

Kwantiragin hasashe da yawa ba sa kai mako biyu. Kafin kwana 45 an rufe, an biya, an kaɗa ƙuri'ar da ake magana a kanta. Ihu ne bayan hari. Asusun amana na makaho ma, wanda dokar ɗa'a ta 1978 ta tanada, ba ya aiki a nan, domin an yi shi ne don dukiyar da wani zai juya maka ba tare da ka san abin da ke ciki ba, shi kuwa wannan ciniki dukkansa a kan abin da kai ka sani ne.

Dr_Lawal_Tattali
Akwai samfurin da aka riga aka gwada. Bayan Robert Kaplan da Eric Rosengren, shugabannin rassan babban bankin Amurka na Dallas da Boston, sun sanar da saukarsu a Satumban 2021 sakamakon ce-ce-ku-ce a kan cinikin da suka yi a 2020, babban bankin Amurka ya fitar da ƙa'ida a Fabrairun 2022. Manyan jami'ai da matansu da ƙananan 'ya'yansu ba sa sayen hannun jarin kamfani ɗaya, ba sa riƙe kirifto ko kwantiragin kaya. Abin da aka yarda su saya sai sun ba da sanarwar kwana 45 tun kafin, an amince, sannan su riƙe shi aƙalla shekara 1. Ba a tambayar me ka sani. Wannan ya fi kusa da abin da Malam Habibu yake nema, kuma bankin bai rasa ma'aikata ba.

Bambancin shi ne bankin ya ɗora wa ma'aikatansa ne. Majalisa kanta za ta ɗaure. Ƙudirin sanata Josh Hawley na hana su cinikin hannun jari da ƙyar ya fita daga kwamiti a Yulin 2025, ƙuri'a 8 da 7.

Gwani_Isa_Kumasi
Tambaya ga Barista: dole sai doka? Ba za su iya yi da ƙa'idar zaure ba?

Barista_Rakiya
Za su iya, Gwani, kuma ya fi sauri. Sashe na 5 na babi na 1 na tsarin mulki ya ba kowane zaure ikon tsara ƙa'idarsa da hukunta 'ya'yansa, ba sai ɗaya zauren ko shugaban ƙasa ya sa hannu ba. Amma tana da iyaka huɗu. Ba ta shafi shugaban ƙasa da ministoci da sojoji, su ne kuma suka fi riƙe irin labarin Maduro. Hukuncinta tsawatarwa ne ko tara ko kora, kora kuwa sai da kashi biyu cikin uku. Ba ta tilasta wa kamfani ya tace asusu. Sannan majalisar wakilai tana sake amincewa da ƙa'idojinta duk shekara 2, ana iya cire ta shiru.

A ɓangaren zartarwa akwai sashe na 208 na kundin laifuffuka, wanda ya hana ma'aikaci sa hannu a al'amarin da yake da moriyar kuɗi a cikinsa, amma bai hau kan shugaban ƙasa da mataimakinsa da 'yan majalisa ba. Duk ƙudirin da bai toshe wannan ramin ba ya bar babba a waje.

Mahamane_Damagaram
A ƙara da wanda zai aiwatar. Kasafin CFTC dala miliyan 365 ne a 2024, na SEC ya haura biliyan 2. Kuma kamfani mai lasisi ba ya jiran izini kafin ya buɗe sabuwar kasuwa, takarda yake miƙawa cewa kwantiragin ya bi doka, washegari ya fara. Ɗaruruwan kasuwanni, ma'aikata 'yan ɗaruruwa.

Akwai kuma moriyar da ba ta ciniki ba. Donald Trump Jr. mai ba da shawara ne ga Kalshi tun Janairun 2025, ya shiga kwamitin masu ba Polymarket shawara a Agusta, kamfanin jarin da yake ciki ya zuba kuɗi a can. Ba laifi nake ɗora masa ba, shi ba jami'in gwamnati ba ne. Amma shugaban ƙasa ne yake naɗa shugaban CFTC, kuma haramcin da muke tattaunawa bai ce komai a kan mallakar dandalin kansa ba.

MamanIkram
Wannan dandalin na ƙetare ai yana buɗe kasuwa a kan zaɓukan ƙasashe da dama. A Najeriya me zai hana mai muƙami?

Alhaji_Tanko_Abuja
Jadawali na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana jami'i sa kansa inda moriyarsa za ta ci karo da aikinsa, ya hana shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje, ya kuma wajabta bayyana kadara ga hukumar ɗa'ar ma'aikata a farkon wa'adi da ƙarshensa. Jakar kirifto ba asusun banki ba ce a lafazin da aka rubuta, kuma kwantiragin da aka saya aka sayar cikin mako ba zai bayyana a takardar da ake cikewa bayan shekara 4 ba.

Malam_Habibu
Na ji kowa. Na janye cewa tsohuwar doka ba ta da amfani, maganar suruki ta gamsar da ni. Amma ina nan a kan haramci kai tsaye, kuma ya haɗa da shugaban ƙasa. Abin da ban warware ba shi ne faɗinsa. A hana su kowane kwantiragi, har na yanayi da na ƙwallo, ko na harkar gwamnati kaɗai?

Sarkin_Lissafi
Duka, Malam. Da zarar ka ce na gwamnati kaɗai, ka buɗe gardamar me ya shafi gwamnati. Farashin fetur ya shafe ta? Alƙaluman hauhawar farashi da ma'aikatar ƙwadago ke fitarwa fa, ko amincewa da sabon magani? Tara kuma ta zama ninki uku na ribar, kamar yadda yake a hannun jari, tare da mafi ƙarancin adadi ko da mutum ya yi asara.

Dr_Lawal_Tattali
Ni ban kai can ba. Ɗan majalisar da yake manomi a Iowa yana da halastacciyar buƙatar kare kansa daga fari, kuma kwantiragin ruwan sama ba shi da alaƙa da ƙuri'arsa. A ware irin wannan, da sharaɗin neman izini tun kafin ciniki kamar na babban banki.

Barista_Rakiya
Dakta, manomi yana da inshorar amfanin gona da gwamnatin tarayya ke tallafawa, ba sai ya shiga nan ba. Kuma wa zai ba da izinin? Kwamitin ɗa'a na majalisar wakilai mutum 10 ne, biyar daga kowace jam'iyya, ƙuri'a tana iya tsayawa biyar da biyar. In za a yi keɓewar, sai a miƙa ta ga wani ofishi na waje, da wa'adin amsa a rubuce.

Injiniya_Sule
Ko wanne aka zaɓa, a rubuta wa'adin fita. Wanda ya ci zaɓe a Nuwamba yana da kwantiragi a hannu, rantsuwa sai 3 ga Janairu, kuma tun kafin rantsuwar ake fara yi wa sababbi bayani. Haramcin ya fara daga ranar da aka tabbatar da sakamako, a ba shi kwana 30 ya sayar. Bayan ya sauka ma a ƙara wata 6, don jadawalin ƙuri'u da alƙaluman da ya gani ba sa tsufa ranar da ya bar ofis.

Gwani_Isa_Kumasi
Injiniya, wata 6 ɗin ya shafi ma'aikatan kwamiti su ma? Su ne suke rubuta ƙudirin, sun ga lambobin kafin sanatan ya gani, kuma yawansu ya ninka na zaɓaɓɓu sau da yawa.